Shekarar Da Dutse Ya Wuce Zaure

Ina yanka kuɓewa a bakin ɗakina ranar da rediyo ya ce gwamnatin jiharmu ta ƙarfafa dokar kare yara. Mai karanta labarai ya ce daga yanzu duk wanda aka kama ya sa yaro aikin da ya fi ƙarfinsa, musamman a ramukan zinari da wuraren niƙa dutse, zai gamu da hukuma. Na ajiye wuƙar na ƙara murya, ina murna kamar ranar da aka kawo kayan aurena.

Ɗana na fari yana cikin yaran da ake magana. Bai fi shekara goma sha ɗaya ba a lokacin, amma ya daɗe yana zuwa filin da ke bayan garinmu, a yankin Anka, inda ake fasa dutsen da aka haƙo, a niƙa shi a inji, a wanke garin a tace zinari. Aikinsa ɗaukar bokitin gari daga bakin inji zuwa wurin wanki. Ba don son rai muka sa shi ba. Babbar gonar gidanmu tana can cikin daji, kuma tun da ɓarayin daji suka tare hanyarta babu wanda ya ƙara saka fartanya a cikinta. Abin da yaran gidan suke samowa a fili shi ne rabin tuwonmu.

Ni kuwa mace ce mai yawan mafarki da rana tsaka. Tun ina budurwa nake karanta littattafan soyayya, waɗanda maigidana yake sayo mini a kasuwar Gummi lokacin da yake nemana, ya naɗe su cikin leda ya ba ƙawata ta kawo. A cikinsu duk tsananin da aka shiga, can kusa da ƙarshe sai wani kawu mai arziki ya iso da mota ya share wa kowa hawaye. Haka na ɗauki dokar nan. Kafin kuɓewata ta dahu na riga na ga yarona cikin farar riga da jakar makaranta, na gan shi ya girma ya zama likita, na ga har matar da zai aura da irin lallen da za a yi mata.

Ban faɗa wa kowa murnata ba, domin ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta sa baki in ana shawara a kansa. Na kakanni ne da 'yan'uwan uba. Ni "kai yaro" nake ce masa, shi ma ya saba. In zan ba shi abinci mai daɗi sai in miƙa wa surukata, wadda duk gidan muke kira Inna, ita ta ba shi.

Ba a daɗe ba mai shela ya zagaya gari da saƙon hakimi, 'yan sintiri suka kori yara daga fili. Yarona ya fara zuwa firamare. Malaminsu wani Kirista ne daga kudancin Kaduna, mai haƙuri, ya karɓe shi ba riga ba takalmi. Yakan dawo ya zauna gindin darbejiyar tsakar gida yana zana baƙaƙe a ƙasa, ni kuma in laɓe bayan labule ina kallonsa. Inna takan tsokane shi irin ta kaka da jika.

"Angona ya zama ɗan boko. To, mi za ka sawo mani in ka zan gwamna?"

"Haƙora zan sawo miki, tsohuwa."

"Ja'iri! Na sake ka tun yau."

Amma tuwo ya fara raguwa. Aka koma ci sau ɗaya, da rana sai kunun da ake ganin ƙasan kwano ta cikinsa. Yayan maigidana, wanda shi ne babba a gidan kuma kowa Yaya yake ce masa, ya daina zama majalisa. Wata rana da la'asar ya shigo ya tsaya tsakar gida, ya kira ƙanensa da matan gidan.

Ya ce, "Na yi magana da mai dutse. Doka ta ce kar a ga yaro a fili, ko ba haka ba? To, ba a ganin su. Za a riƙa kawo muna buhuna har gida. Yara su fasa, mata su daka, mu maida mashi gari. Wane namiji ka iya wuce zauren wani, ko da kakin hukuma garai?"

Gaskiya ya faɗa. Baƙon namiji iyakarsa zaure. Abin da muke alfahari da shi ke nan, shi ne mutuncin gida. Washegari babur ya shigo da buhu biyu, kuma kafin a jima rabin gidajen unguwarmu sun ɗauki wannan dabarar. Makaranta ta koma sai ranar da babu dutse.

Ni da na ji guduma ta fara sauka kan dutse a tsakar gida, sai na toshe kunnuwana. Na san wannan ƙarar. Ni 'yar Yargalma ce. Ina budurwa a shekarar gubar dalma, lokacin da kowane gida yake daka dutse a turmin hatsi, yara ƙanana suka riƙa sanƙarewa suna mutuwa ba mu san dalili ba. Autanmu yana cikinsu. Da safe yana bina da gudu yana jan zanina, bayan 'yan kwanaki yana kan cinyar mahaifiyata idanunsa sun juye. Daga baya likitoci suka zo suka ce ƙurar dutsen ce, tana shiga jinin yaro ta baki da hanci. Aka kankare ƙasar gidajenmu aka zuba sabuwa, aka ce kada dutse ya sake shiga inda yara suke. Saboda haka ma a nan garin aurena aka ware fili a bayan gari, inda ma'aikata suke wanka su canja kaya kafin su dawo gida.

Yanzu ga dutse a tsakar gidan aurena, ga kuma 'yata, wadda ta haura shekara da kaɗan, tana rarrafe tana kama bango. Duk abin da hannunta ya taɓa baki yake zuwa. Ƙurar kuwa ba ta bar ko'ina ba. Tana kan murfin randa, tana kan kayan shanya, tana cikin gashin yara. In aka yi tankaɗe sai ka gan ta tana yawo cikin hasken rana, ja-ja, har da kyau.

Na ɗaure yarinyar a bayana daga asuba zuwa magariba. Da ita nake girki, da ita nake wanki. Lokacin bazara ne, zufa ta tsattsage mana fata ni da ita, tana kuka tana miƙa hannu tana son ƙasa. In na gaji in kulle ta a ɗaki, in toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma, in dawo in tarar ƙurar ta riga ni shiga ta taga.

Na sami maigidana wata rana bayan azahar yana zaune bakin gado. Mutum ne mai taushin magana, shi ya sa na so shi. Na durƙusa na kama ƙafarsa.

"Malam, don girman Allah a fitar da dutsen nan. Na ga abin da yake yi da idona."

Ya dubi yarinyar da ke barci. "Kin ɗauka ban sani ba? Ki nuna mani abin da zan ba mutanen gidanga su ci, yanzun nan in kwashe shi da kaina."

"Mu koma Yargalma, ko Nasarawa Burkullu wurin kawunka."

"Can ma mi suke ci?"

Ya share mini hawaye da babban yatsansa kamar yadda yake yi muna amarci, ya tashi ya fita. Da can wannan yakan ishe ni har mako. Ranar na ji kamar an shafa mini busasshen itace.

Na je wurin Inna. Ta saurare ni tana sheƙa dutse a faifai, ta ɗauko ƙwaya ɗaya ta nuna mini.

"Ke ɗiyata, duba da kyau. Na garinku baƙi ne mai ƙyalƙyali, shi ka da guba. Wanga ja ne. Kowa ya san jan dutse bai kisa."

"Inna, likitocin sun ce ido ba ya rarrabewa."

"Likitoci ba su taɓa kwana da yunwa ba. Jikata ce, kina ganin zan kashe ta?"

Ba mugunta ba ce, ta yarda da abin da ta faɗa. Duk garin haka aka yarda.

Ana cikin haka aka fara rigakafi gida-gida. Mai yin sa a unguwarmu wata ma'aikaciyar asibiti ce, Kirista 'yar Filato, ta daɗe a yankin har Hausarta ta fara kama tamu. Sista muke ce mata. Ita mace ce, zaure ba ya tsayar da ita, kuma wannan ne Yaya bai lissafa ba. Matarsa ce ta jiyo sallamarta a maƙwabta ta rugo tana tafa hannu.

"Ga Sista nan! Ku ɓoye, ku ɓoye!"

Gida ya rikice. Aka jefa guduma cikin rumbu, aka kife turame, aka ja buhunan bayan ɗakin awaki. Saura garin da aka riga aka tankaɗe, baho guda. Inna ta duba ta ce a kai ɗakina, shi ne na ƙurya. Aka ɗauko kwallayen jerena, waɗanda mahaifiyata ta tara mini tun ina ƙarama, masu zanen furanni, waɗanda ban taɓa zuba ko ruwa a ciki ba. Aka cika su da garin dutse aka rufe aka mayar kan kabad, saitin gadon da 'yata take kwana. Babu baƙon da yake buɗe jeren mace. Sannan kowa ta ɗauki tsintsiya aka hau sharar tsakar gida don a ɓatar da alama, ƙura ta tashi ta rufe mu har ba ma ganin juna.

Sista ta shigo tana tari tana fifita da gyalenta.

"Kai, Inna, biki za a yi ne ba a gayyace ni ba? Wannan shara haka da tsakar rana!"

"Ke muke wa, Sista. Babbar baƙuwa."

"To na gode, kun cika mini huhu."

Aka yi dariya, aka jero yara ta ɗiga musu magani. Da ta zo kan 'yata ta ɗan tsaya, ta ja fatar idonta ta duba, ta tambaye ni ko tana cin abinci. Na ce ta rage. Inna tana tsaye a kaina, matar Yaya tana gefe. In na yi magana na tona gidan mijina, ƙila a kama shi. In na yi shiru Sista ta fita, ban san ranar da wata mace mai ido za ta sake wuce zauren nan ba.

Na ce, "Sista, akwai wasu ƙuraje a cinyarta, ko za ki shigo ɗaki ki gani?"

Muka shiga. Na miƙa hannu na ɗaga murfin kwalla ɗaya. Ta leƙa, ta dube ni, ta dubi gadon. Na mayar da murfin a hankali don kada ya yi ƙara.

Ta rage murya ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun da aka kori yara daga fili."

"Maman yarinya, ni ba 'yar sanda ba ce, allura nake ɗauka. Amma ki kawo ta Anka a auna jininta. Kada ki jira. Kin ji ni? Kada ki jira."

Na jira, domin mace ba ta kama hanyar Anka da kanta. Maigidana ya ce sai ranar kasuwa, ranar kasuwa ta zo aka ce hanya ba lafiya. Yarinyar ta daina kama bango. Ta daina kukan neman ƙasa, sai ta kwanta lamo a bayana kamar jiƙaƙƙen zane. Ta fara amai. Inna ta ce haƙori ne, ta jiƙa mata saiwa.

Wata safiya ina ba ta kunu sai jikinta ya sanƙare a hannuna. Wuyanta ya lanƙwashe baya, idanunta suka juye, ƙafafunta suna karkarwa. Ban san na yi ihu ba sai da na ga gidan ya cika. Na fita da ita ba mayafi, na wuce zaure, na wuce maza suna kallona. Maigidana ya biyo ni da gyale ya tsayar da kabu-kabu. Duk tsawon hanyar nan ta ƙasa, babur yana faɗawa rami yana fita, bakina yana kan kunnenta ina kiran sunanta. Addu'a ɗaya nake maimaitawa, ya Allah kada ka nuna mini abu ɗaya sau biyu.

A asibitin Anka aka tsayar da jijjigar, aka ɗebi jini. Dalma ce, kuma da yawa. Aka kwantar da mu aka fara ba ta magani. Sista ta zo duba mu da ruwan zafi a fulas, ta zauna bakin gado ta yi wa maigidana magana ba ɓoye-ɓoye.

"Maganin zai jawo gubar daga jininta a hankali. Amma in kun mayar da ita kan wannan ƙasar, aikin banza muka yi, za ta sake sha. Sai dutse ya fita, sai an kankare tsakar gida da ɗakuna an zuba sabuwar ƙasa. In ba haka ba, Malam, gara ku bar ta nan."

Da yarinyar ta fara karɓar nono, mahaifiyata ta zo daga Yargalma ta zauna da ita, ni da maigidana muka koma gida don a yi magana. Tun daga bakin zaure na jiyo guduma. Ba su daina ba. Yarona yana zaune ya ware ƙafa da dutse a tsakani, girarsa ta yi ja da ƙura. Ya ɗago ya ce, "Ta farka?" Na gyaɗa kai na wuce.

Aka taru bayan la'asar. Ban taɓa ɗaga murya gaban Yaya ba tun da aka kawo ni gidan, amma ranar na faɗi duk abin da Sista ta faɗa, ban rage ba. Na ce in dutsen bai fita ba, ni da 'yata ba za mu sake kwana a gidan ba, ko da igiyar aurena ce za ta tsinke. Maigidana ya sunkuyar da kai. Inna tana kuka ba sauti.

Yaya ya rame a watannin nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya murza hularsa.

"Ba ni son ɗiyar ƙanena ta mutu, Allah shi ne shaida. Dutse zai fita. Amma baki ashirin ke gidanga, kuma yunwa ma tana kashe yara. Mai dutse yana da ramu can cikin daji, wajen Bukkuyum, inda hukuma ba ta kaiwa. Yana neman yara, don ramun ƙanana ne, babba bai shiga. Yana ciyar da su, yana aiko ma iyaye. Nawa biyu za su. Naki ma sai shi bi su."

Na san waɗannan ramukan a bakin mutane. Ana ɗaura wa yaro igiya a ƙugu a zura shi da fitila a goshi. Kusa da su aikin fili wasa ne.

A al'ada ba ni za a tambaya ba, ɗan fari ne, shawararsa ta maza ce da kakarsa. Da sun yanke a zaure sun faɗa mini, da na sami wanda zan yi wa kuka. Amma Yaya ya juyo ya dube ni.

"Ke kika tada maganar. Ko dutse shi tsaya yaro shi tsaya, ko su fita tare. Faɗi."

Na dubi maigidana, bai ɗago ba. Na dubi yaron. Yana tsaye jikin darbejiya da guduma a hannu, yana jin komai. Shi yana da ƙafafun gudu, ya san ya rufe hanci, jikinsa ya fara ƙwari. Ita ko cokali ba ta iya riƙewa. Haka na riƙa faɗa wa kaina, ina auna 'ya'yana biyu kamar mai sayen hatsi.

Na ce, "A fitar da dutsen."

Da safe babura suka zo. Na dama fura mai kauri na zuba a gora, na ƙulla ƙuli-ƙuli a leda, na miƙa wa Inna. Ta kai masa tana ƙoƙarin wasa.

"Ango, ka dawo da wuri, kar in auri wani."

Bai rama ba. Ya zo bakin ɗakina ya durƙusa. Ina son in kama kansa in haɗa da ƙirjina, in kira sunansa ko sau ɗaya, amma gidan duk yana tsaye. Na ce, "Kai yaro, in ka ji ƙasa tana zubowa, ka ja igiya. Kar ka tsaya kwasar komai."

Ya ce, "To. Ki gaishe da ƙanwata."

Ranar muka fara kankare gidan da fartanya, muna jiƙa ƙasa kafin mu tono ta kamar yadda Sista ta koya mana. Muka loda a buhuna aka kai nesa aka binne, aka kawo sabuwar ƙasa a amalanke. Kwallayen jerena ma na ba da aka binne tare.

'Yata ta rayu. Tana tafiya yanzu, tana ɗan jan ƙafa ɗaya. Sa'o'inta sun fara surutu, ita har yanzu nuni take yi da yatsa, kuma Sista ta ce mu yi haƙuri mu ci gaba da kai ta awo. Yaron ya zo gida da sallah. Ya yi tsawo, faratansa duk sun farfashe, ya koyi yin shiru irin na manya. Kwana kaɗan ya yi ya koma.

Yanzu wata daminar ta matso. Masu haƙa sun ce in ruwa ya jiƙa ƙasa ramuka sukan rufta. Jiya hadari ya haɗo daga gabas ya watse ba ko ɗigo, liman ya tara mutane roƙon ruwa saboda 'yan gonakin bakin gari, mata muna amsawa daga cikin gida. Na ɗaga hannuwana tare da su, 'yata tana riƙe da zanina, na rasa abin da zan roƙa.